Rabin Littafi a Kan Dutsen Abu Na'ama

Tun da na dawo daga Sudan ban huta ba. In na fito masallaci a tare ni, in na zauna a majalisar ƙofar gida a ce, "Malam Habibu, wai da gaske ne daga kai sai singileti aka sauko da kai?" Na ba da labarin nan har uwargida ta haddace shi, in na tsallake wani wuri sai ta ɗaga murya daga ɗaki ta cike mini. To ga shi na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa. Kuma don a sani, ba sauko da ni aka yi ba, da ƙafata na sauko. Batun singileti kam gaskiya ne.

Mahaifina, Alhaji Mamman, a Sudan aka haife shi. Kakanmu ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙasa zai tafi Makka, ya tsaya noma a bakin kogi kusa da wani gari da ake kira Abu Na'ama don ya sami guzuri, sai tsayawar ta zama zama. 'Ya'yansa maza biyu ne, Usman da Mamman. Baba yana saurayi ya biyo wani ɗan'uwa ya zo Kano, wansa Usman ya zauna can.

Tun muna yara labari ɗaya Baba yake ba mu in ya so ya nuna mana mu ragwaye ne. Wai akwai wani dutse a bayan ƙauyensu wanda ba wanda ya taɓa kai wa ƙololuwarsa sai shi, yana ɗan shekara goma sha biyar. Ya hau da butar ƙarfe ta kakanmu, wadda ta yi tafiya tun daga Sakkwato, don ya ɗebo ruwan da ake cewa yana kwance a wani rami a saman, ya manto ta a can. "Har wuri aka sa wa sunana a dutsen nan," in ji shi. Wata shekara wani alhaji da ya biyo ta Sudan ya kawo masa gaisuwa, ya kuma kawo masa tsegumi, cewa ya ba da labarin a gaban Usman, Usman ya ce, "Ba haka anka yi ba." Daga wannan rana Baba ya daina rubuta wa wansa wasiƙa. Shekara ta fi talatin ba su ji muryar juna ba. Da waya ta zo, mu 'ya'yansu muka nemo juna muna gaisawa, su kuwa ko an miƙa musu sai su ce suna lazimi.

Bara ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, ido kuma ya yi rauni. Ya kira ni ya ce in je in ɗauko masa butar nan, a nuna wa Usman ita a gaban mutane. Ni kuwa abin da ke raina dabam ne. Tsofaffin nan biyu duk sun haura tamanin, kuma ina tsoron ranar da za a bugo waya a ce ɗaya ya tafi alhali suna gaba. Na ce a raina in buta ce za ta sa su yi magana, ko da faɗa ne, zan ɗauko ta.

Sati uku muka yi yana faɗa ina rubutawa. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, goma a ciki ina hedimasta, don haka ban yi abin da wasa ba. Na sayi littafi mai bango mai ƙarfi, na raba shi babi-babi, na ja layi da jan biro, har zanen dutsen na yi yadda Baba ya kwatanta. A bango na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Babi na ƙarshe ya ƙare da cewa, "Daga nan ka miƙe tsaye, ka iso, buta tana cikin rami a hannun dama." Na ɗaga biro ina jiran ci gaba. Baba ya ce, "Shi ke nan, rufe." Wata tambaya ta zo mini har bakina, amma ɗa ba ya titsiye ubansa kamar ɗan sanda, sai na haɗiye ta na rufe littafin.

A filin jirgin Hartum littafin ya fara jawo mini magana. Wani jami'i ya buɗe jakata, ya wuce kilishi da yaji da turamen atamfa, ya ɗauko littafin. Ya ga zanen dutse, ga kibiyoyi, ga wani wuri da na zagaye da ja. Ya dube ni ya ce, "Dahab?" Wato zinariya. Larabcina na allo ne, in ba a ce mini in karanta Fatiha ba to ba ni da ta cewa. Na yi ta kwatanta masa buta da hannu, ina nuna alwala, shi kuwa yana ganin kamar ina nuna yadda ake wanke ƙasa a fitar da zinariya. Allah ya kawo wani abokin aikinsa baƙi dogo, ya karɓi littafin ya duba, sai na ji ya ce da Hausa tsantsa, "Malam, tun daga Kano kat taho neman buta? Kano butoci sun ƙare?" Ya fassara wa ɗan'uwansa, suka yi dariya har da riƙe ciki, suka buga mini hatimi suka ce in gaida dutsen.

A bas ɗin da ya kai ni garin Madani na zauna kusa da wani malamin makaranta, Ustaz Jamal, muka haɗu a Turanci. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya gyara zama, ashe shi hawan dutse sha'awarsa ce, duk hutu yakan tafi duwatsun Kasala da abokansa da igiya. Na yi mamaki ƙwarai. Mu a gida in ka ga mutum a kan dutse, ko akuya ta ɓata ko mai gida ya kore shi, amma a ce mutum da albashinsa da iyalinsa ya tafi ya rataya a jikin dutse don nishaɗi, wannan sabo ne a wurina. Ya nuna mini irin nasu littafin a waya, hoton dutse da layuka da lambobi, kowace hanya an faɗi wahalarta. Na ce a raina ai namu ya fi, nasu ba ko babi.

Na fassara masa nawa. Ya yaba da bayanin inda ake farawa, ya ce rabin masu ɓata tun a gindi suke ɓata. Ya tambaye ni yaushe mai littafin ya hau na ƙarshe. Na ce shekara sittin da 'yan kai. Ya dubi cikina, wanda ba ƙarami ba ne, ya dubi taga. Can ya ce, "Ina hanyar saukowa?" Na ce masa da alfahari, wanda ya san hanyar shiga gida ai ya san ta fita. Ya ce dutse ba gida ba ne. Ya so ya ƙara bayani, sai ga mai tallan shayi a tasha, na saya mana don in rufe maganar.

A Madani na sauka a lokanda, wato masaukin baƙi. Na tambayi ɗakina, mai wurin ya nuna mini tsakar gida. Gadajen igiya ne jere a fili, kowa da nasa, sama ce rufin. Na zauna a nawa, igiyar ta lotsa da ni har na ji ƙasa, sai da mutum biyu suka ja ni kafin in tashi sallar magariba. Da safe aka kawo ful, wake ne babba da aka dafa ya yi lugub, aka kwarara masa man riɗi. Da rana ful. Na tambayi maƙwabcin gadona abin da ake ci ran salla, ya ce ful, amma da cuku.

A garin Hajj Abdalla, Attahir ya tare ni, ɗan Baffa Usman ne, sa'ana, yana da hawasha a can, wato gonar da ake ba manomi a cikin filin noman rani. Bai miƙo hannu ba sai da ya dafa kafaɗata na dafa tasa, sannan ya rungume ni muka yi kuka kamar ba dattawa ba. Hausarsu ta Sakkwato ce da aka jiƙa da Larabci. "Ya zol, ka iso lahiya? Tamam? Taho mu tai gida, hwatur na jiranka." Zol mutum ne a wurinsu, hwatur kuwa karin kumallo. 'Ya'yansa kuwa in na yi musu Hausa sai su amsa da Larabci suna murmushi, uwarsu tana zungurinsu.

Ƙasar nan shimfiɗe take kamar tabarma, daga magudanar ruwa sai auduga sai dawa, ko tudun da za ka tsaya ka yi kiran salla babu. Na fara zargin ko Baba mafarkin dutse ya yi. Abin da na tabbatar shi ne mutanen nan sun fi mu karamci, har ya zama azaba. Mu in baƙo ya ce ya ƙoshi, sau biyu za a matsa masa a ƙyale shi. Su kuwa mai gida zai rantse da Allah, in ka ƙi ya rantse da abin da ya fi ƙarfinka. Na ci kisra, wata waina mai faɗi siririya kamar takarda, da miyar kuɓewa, a gida bakwai a yini ɗaya. A garin Suki muka biya gaida wata gwaggo, ta yanka mini kaza, ta tsaya a kaina har na gama. Muka tsallake kogi a kwale-kwalen da ke ɗaukar har jakuna, jaki ɗaya ya taka mini ƙafa tun daga wannan gaɓa har waccan. Ni da na zo hawan dutse, kafin in ga dutsen sai da na ƙara rami ɗaya a bel.

Sai da muka wuce Abu Na'ama muka yanki yamma a bayan wata a-kori-kura sannan na gan shi. Dutse guda ne tilo a tsakiyar fili, baƙi, sulɓi, kamar an kifa turmi. Ba shi da faɗi amma ya yi tsayin da in ka ɗaga kai hula za ta faɗi. Tawa ta faɗi.

Baffa Usman ɗan tsamurmurin tsoho ne, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan karkace, idanunsa kuwa tar. Na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe kaina da hannu biyu ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Hancin Mamman ne." Bai tambayi lafiyar ƙanensa ba, amma da na ce Baba yana fama da ƙafa, sai na ga hannunsa ya tsaya a kan kofin gahawa. Aka ba ni jallabiya fara sabuwa fil da rawani, aka ce kayan Kano su huta.

Bayan la'asar na fito da littafin a gaban dattawan ƙauye. Baffa ya ce, "Karanta mu jiya." Na karanta da muryar taron iyayen yara. Ana farawa daga itacen aduwa, a yi taku arba'in zuwa dutsen da ya yi kama da raƙumi a gurfane, a bi ta inda akuyar Inna Ladi take kwanciya. Wani tsoho ya ce Allah ya ji ƙan Inna Ladi da akuyarta. Na karanta wurin da Baba ya ce "nan da sauƙi, tsalle ɗaya ne." Na kai ƙarshe na rufe.

Baffa ya ce, "Ina saura?"

Na ce, "Iyakarsa ke nan, Baffa."

"Iyakatai ke nan." Ya kurɓi gahawa. "Kwayyis, ya yi kyau."

Na tambayi dattawan ko da gaske akwai wurin da aka sa wa sunan Baba. Suka dubi juna, suka dubi Baffa, ɗaya ya ce, "Awo, akwai." Na ji daɗi, na ce a raina ga shaida ta farko.

Washegari da hantsi muka tafi ni da Attahir, bayan matan gidan sun rantse sai na ci asida, tuwonsu mai laushi. Na so in sa wandona da riga 'yar shara, Attahir ya ce Baffa zai ji ba daɗi in ya ga na ajiye kyautarsa tun kwana ɗaya. Haka na tafi hawan dutse cikin jallabiya har idon sawu, littafi a aljihu.

Aduwa babu ita, an sare ta tun kafin a haifi Attahir. Duwatsu masu kama da raƙumi kuwa na ƙirga biyar, in ka matsa gefe su zama tumaki. Muka yi ta zagaye har wata mata mai ɗiban itace ta tausaya mana ta nuna kututturen. Daga nan, don Allah a ba Baba haƙƙinsa, littafin bai yi ƙarya ba. Inda ya ce akwai tsaga, akwai tsaga. Inda ya ce ka sa hannu a wani rami za ka ji sanyi, na sa na ji. Shekara sittin da 'yan kai, tsoho a kan gado a Kano ido ba ya gani, amma bai manta ko taku ɗaya ba. Na ji ƙaunarsa ta kama ni a wurin, har na tsaya na share ido da hannun jallabiya.

Abin da littafin bai faɗa ba shi ne mai shi ɗan shekara sha biyar ne da bai kai nauyin buhun gero ba. Tsagar da ya ce "ka shige kawai" sai da na fitar da numfashi duka, Attahir yana turo ni ta baya yana "Bismillahi, ya zol." Da muka zo wurin tsalle ɗaya, Attahir ya leƙa ƙasa ya zauna. Ya ce, "Ɗan'uwa, ni ina da ɗiya tara da auduga ba a tsince ba. Halas, magana ta ƙare, nan nit tsaya." Na yi masa kallon raini, na tattare jallabiya na kama da haƙori, na yi tsallen. Daga wannan gefe zuwa wancan gangare ne, ka dira ƙasa-ƙasa a kan wani fale, wato shimfiɗaɗɗen dutse, sannan ka rarrafa sama. Ban lura ba a lokacin cewa tsallen da aka yi zuwa ƙasa ba a yin sa zuwa sama.

Na iso. Buta tana cikin rami a hannun dama, kamar yadda aka rubuta, ta yi baƙi, tsatsa ta ci gindinta, wata tsuntsuwa ta taɓa yin sheƙa a kusa. Na ɗaga ta sama na yi kabbara. Na ga kogi can nesa, na ga ƙauye kamar an zuba ƙwaryar goro. Waya ta yi ta ƙara a aljihuna, ashe duk yankin nan sai a kan dutsen ake samun sabis sosai. Na ɗauki hoto na tura wa uwargida. Sannan na buɗe littafi don in ga abin da ke gaba, na tarar da farar takarda.

Na koma bakin fale na dubi inda na yi tsalle. Ya fi ƙarfina ko da ina da fiffike. Na zagaya ta gabas, sulɓi. Ta yamma, sulɓi, ƙasa kuma tana can inda mutum yake kamar ƙuda. Na zauna na rungume buta. Na tuna Ustaz Jamal da shayin da na saya don in rufe masa baki. Na kira Baba a Kano, ƙanwata ta ɗauka ta ce yana barci, in kira an jima. Na ce mata an jiman nan ba ni da tabbacinta.

Ban san lokacin da na fara kiran Attahir ba, kuma an ce mini har a ƙauye an ji. Ni dai na san na ɗaga murya kaɗan.

Kafin azahar gindin dutse ya cika. Mata da 'yan kallo, masu jakuna, har mai sayar da kankana ya kafa teburinsa. Can sai ga amalanken jaki, Baffa Usman a zaune a kai, a hannunsa lasifikar mai tallan albasa. Aka ɗauke shi aka zaunar a inuwa. Lasifikar ta yi ƙara, ta fara da kiran albasa da aka naɗa a ciki, aka kashe, sannan muryarsa ta taso.

"Habibu. Kana jiya ta?"

Na ɗaga hannu.

"Tuɓe jallabiyag ga ka jeho."

Na dubi matan da ke ƙasa. Na yi shekara goma ina korar yara gida don ba su sa rigar makaranta daidai ba.

"Kunya ko rai, zaɓi guda."

Na tuɓe na jefa. Ta sauka a hankali kamar balbela, jama'a suka yi mata guɗa. Ya ce in ɗaura buta a wuya da rawani, in koma bayan ramin, akwai wata tsaga a can da ba a gani sai an kwanta. Na kwanta, na gan ta.

"Ba dutsi cikinka, ba mutane bayanka. Kak ka dubi ƙasa, ba abin da ka aje nan. Jingina bayanka ga bango guda, ƙahwahunka ga gudan. Sauka kaɗan-kaɗan kamar mai shiga rijiya."

Na shiga. Dutse ya kankare mini baya, buta tana dukan ƙirjina. Shi kuwa daga ƙasa, ba ya ma ganina, yana faɗa mini abin da ƙafata za ta tarar kafin ta tarar. "Ƙahwar hauni, miƙa ta ƙasa. Ƙara. Akwai rami nan, ba ka ganinai, amma yana nan." Na miƙa ƙafar hagu cikin iska ina salati, sai ga rami. "Yanzu wurin ga da wuya, ba ni yi maka ƙarya. Numfasa sau ukku." Wallahi wannan magana ta fi mini duk "da sauƙi" da ke cikin littafina. Da ya ce da wuya sai na yarda da shi, da ya ce saura kaɗan sai na san saura kaɗan ne.

Na fito a wani ɗan dandamali a tsakiyar dutsen ta baya, na zauna ina haki. Jama'a sun zagayo suna kallo. Sai lasifikar ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, "Nan nis sauke shi na huta."

Da ƙafata ta taɓa ƙasa Attahir ya rufa mini jallabiya, mai kankana ya ba ni yanka ɗaya kyauta. Wani dattijo ya nuna falen da na zauna ina kiran Attahir, ya ce, "Ka ga wurin da kat tambaya jiya. Ihun Mamman muka ce mishi." Wani daga baya ya ce yanzu sai a ƙara suna.

Da yamma, mu biyu a zaure, Baffa ya juya butar a hannunsa ya ba ni sauran labarin. Mamman ya hau, shi kaɗai, ba mai ja da wannan. Ya kasa saukowa ya yi ta kuka har rana ta karkata. Usman yana ɗan shekara sha takwas ya zagaya ya sami tsagar baya, ya hau, ya goya ƙanensa ya ɗaure shi da rawani, ya sauko da shi. A hanya kafaɗarsa ta goce, ba ta koma daidai ba har yau. Da kakanmu ya tambayi buta, Usman ya ce shi ya yar da ita, ya sha dukan. Mamman ya roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, ya yi alkawari, duk da cewa rabin ƙauye sun ji ihun da kunnensu.

"Sau guda bakina ya kuɓuce," in ji shi. "Sau guda, cikin shekara sittin. Shi ko bai yahe ba."

Na ce ya faɗa mini hanyar saukowa in rubuta. Ya ce alkawari fa. Na ce Baffa ai ka riga ka faɗe ta da lasifika. Ya yi dariya har ya yi tari, sannan ya fara. Shafi huɗu ta ci. Na ce in bar masa butar, ya ce a'a, a kai wa mai ita, shi ya sha dukanta ya ishe shi.

Na iso Kano ran wata Laraba. Baba ya karɓi buta ya shafa ta ko'ina, ya sa yatsa a hujin gindinta, fuskarsa ta yi haske. Ya ce, "Usman ya gani?" Na ce ya gani, duk ƙauye sun gani. Ya ce to madalla. Na zauna a bakin gado, na ce, "Baba, an yi wa littafin ƙari. In karanta?" Ya ci gaba da shafa butar.

Na karanta shafi huɗun nan ban tsallake komai ba, har wurin da aka sauke shi aka huta. Na gama. Na jira faɗa.

Ya ce, "Ya bar wuri ɗaya. Kafin dandamalin nan ƙafarsa ta zame, kafaɗarsa ta bugi dutse, na ji ƙarar a ƙirjina. Bai yi ko uhum ba. Ce mini kawai ya yi kada in buɗe ido." Ya juya butar. "Da ka tsaya da biro kana jira, na san abin da kake so ka tambaya. Ban san hanyar ba, Habibu. Idona a rufe yake tun daga sama har ƙasa."

Ya sa na kankare bangon littafin na rubuta sunan Usman a sama da nasa. Sannan ya ce in kira Attahir, wanda bai riga ya baro ƙauyen ba, a ɗora tsohon a amalanke a kai shi inda waya take kamawa. Muka jira kusan awa guda, yana riƙe da wayar da hannu biyu, ya hana ni karɓa ko don in duba caji. Da ta yi ƙara ya kai ta kunne ya ce, "Yaya, ya kafaɗar?"

Na tashi na ja musu ƙofa.